Ina Za A Kafa Asibitin Gari? Yadda Ake Zaɓen Fili A Ƙananan Garuruwa

Asibitin sha-ka-tafi shi ne ginin gwamnati da mutanen ƙaramin gari suka fi shiga bayan makarantar firamare. A nan ake awon ciki, a nan ake yi wa jarirai allurar rigakafi da gwajin zazzaɓin cizon sauro, kuma idan akwai ungozomar asibiti mai kwana, a nan ake haihuwa. Kafin a haƙa harsashinsa akwai shawara guda da ba ta gyaruwa bayan an yanke ta, wato wurin da za a kafa shi. Rufi idan ya yi yoyo ana sauya kwano, ma'aikaci idan ya gaza ana kawo wani, amma ginin da aka dasa a kwari ko a ƙetaren rafi yana nan inda yake har shekara talatin ko arba'in. Tun ran gini ran zane.

Tsarin da Najeriya ke bi ya samo asali daga taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya kusa da inda mutane suke zaune. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ƙarfafa wannan aiki a hannun ƙananan hukumomi, kuma a 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wato NPHCDA. Daga baya aka mai da mazaɓar kansila ma'auni: kowace mazaɓa ta samu cibiyar lafiya guda mai aiki. Ƙasar tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809; Kano kaɗai tana da 484, Katsina 361, Jigawa 287. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga asusun kiwon lafiya na matakin farko, aka kuma fara raba kuɗin bisa wannan ma'auni na cibiya guda a kowace mazaɓa. Daga nan maganar fili take yin nauyi. Mazaɓar karkara ba gari ɗaya ba ce. Takan ƙunshi babban ƙauye da ƙananan ƙauyuka masu yawa, da unguwannin gona, da rugagen Fulani, kuma dukansu gini ɗaya suke jira.

Hukumar NPHCDA ta kasa waɗannan cibiyoyi gida uku. Akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye mai mutum kamar 500, wanda ake nema masa fili murabba'in mita 1,200. Akwai kilinik mai kula da mutum 2,000 zuwa 5,000, da filinsa ya kai murabba'in mita 2,475. Sai babbar cibiyar mazaɓa mai ɗaukar mutum 10,000 zuwa 20,000, wadda ƙa'ida ta ce kada filinta ya gaza murabba'in mita 4,200. A lissafin dillalan filaye, wannan fuloti tara ke nan na ƙafa 50 a ƙafa 100. Mutane da yawa sukan ga kamar ya yi yawa, domin ginin kawai suke hangowa. Bayan ginin akwai gidajen ma'aikata, rijiyar burtsatse da tankinta, banɗakin maza da na mata, ramin binne mabiyiya, wurin ƙona allurai da sauran sharar asibiti, wurin juya mota, da inuwar da mata za su zauna ranar rigakafi. Akwai kuma ɗakunan da za a ƙara nan gaba, domin garin da yake da mutum dubu goma yau zai ninka kafin jariran bana su yi aure.

Nisa, da yadda ake auna shi

Ma'aunin da masu tsara kiwon lafiya suka saba da shi shi ne kilomita 5, kimanin tafiyar sa'a guda a ƙafa. A Jamhuriyar Nijar ma da shi ake lissafin yawan jama'ar da cibiyar lafiya ta isa gare su. Amma kilomita 5 a taswira daban, a ƙasa daban. Ƙauyen da yake kilomita 2 daga asibiti, idan akwai rafi marar gada a tsakani, a watan Agusta ya fi na kilomita 8 da ke kan titi nisa. Saboda haka mutumin da ya kamata a auna fili da shi ba saurayi mai babur a watan Janairu ba ne. Mace ce mai naƙuda, da tsakar dare, a tsakiyar damina, a kan amalanke ko a bayan babur mutum biyu suna riƙe da ita.

Dalilin wannan ma'auni a fili yake. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya nuna mata kusan 82,000 suka rasu a Najeriya a wannan shekara sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya, kuma abin ya fi tsanani a Arewa. Tun 1994 masana suka kasa jinkirin da ke kashe mai haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zaɓen fili yana taɓa na biyu kai tsaye, yana kuma taɓa na farko, domin maigidan da ya san hanya ba ta biyuwa yakan ce a jira gari ya waye. Zubar jini bayan haihuwa kuwa tana iya kashe mace cikin sa'a biyu. Zaɓen filin yana taɓa na uku ma, ta wata hanyar da ba a cika lura da ita ba: cibiyar mazaɓa ba ta yin tiyata, don haka dole ta kasance inda mota za ta iya fita da majinyaci zuwa babban asibitin ƙaramar hukuma a kowane wata na shekara. A wasu jihohin Arewa direbobin ƙungiyar NURTW suna aikin sa-kai na ɗaukar masu naƙuda, amma direba sai da hanya.

Wurin da ya fi dacewa ba lallai ne ya zama tsakiyar taswirar mazaɓa ba. Ya fi zama inda hanyoyin jama'a suka riga suka haɗu, wato garin da kasuwa take ci, inda tasha take, inda mutanen ƙauyuka da rugage suke zuwa da ƙafarsu ko ba a kira su ba. Bafulatanar da ta kawo nono ranar kasuwa za ta biya a yi wa goyonta allura idan asibitin yana kan hanyarta. Ba za ta ware wata rana ta musamman don wannan ba. Sai dai kusa da kasuwa ba cikin kasuwa ba ne. Ƙura, ƙarar injin niƙa, cunkoson motoci da ƙudan mahauta duk abokan gabar ɗakin haihuwa ne. Akwai kuma maganar sutura, wadda injiniya ba ya gani a takarda. Idan ƙofar asibiti ta kalli majalisar dattawa ko teburin mai shayi, matar da ke son ganin ma'aikaciya kan tazarar haihuwa, ko mutumin da ke karɓar maganin tarin fuka duk wata, sai sun ratsa idon gari kafin su shiga. Wasu sukan fasa. Juya ƙofar zuwa lungun da ke gefe, ko ƙara ƙaramar ƙofa ta mata, ba ya cin kuɗi idan an yi shi tun a zane.

A yankunan Zamfara, Katsina da Sakkwato da ke fama da 'yan bindiga, wani sharaɗi ya ƙaru. Ginin da ke bayan gari, babu maƙwabta, ma'aikaci ba zai kwana a cikinsa ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Asibitin da ba a kwana cikinsa kuwa ya daina zama wurin haihuwa, ya koma ɗakin raba ƙwaya daga safe zuwa azahar. Ko a inda ake zaman lafiya, ɓarayin farantan sola da batir sun fi son ginin da babu ido a kansa.

Ruwan sama da ruwan ƙasa

Yawancin gine-gine a karkara da rani ake yin su, kuma da rani ake zuwa duba fili. A watan Maris kowane fili a Arewa busasshe ne, kowane rafi yashi ne, mota tana shiga ko'ina. Nan kuskuren yake. Ambaliyar 2012 da ta 2022 sun nuna yadda ruwa yake komawa tsofaffin hanyoyinsa. Ta 2022 ta kashe fiye da mutum 600 a ƙasar, kuma garuruwan kwarin Haɗeja a Jigawa suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Lokacin ambaliya kuwa shi ne lokacin da aka fi bukatar asibiti, domin amai da gudawa da zazzaɓi suna biyo bayan ruwa.

Filin da za a zaɓa ya kamata a taka shi da ƙafa sau biyu, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi a watan Agusta. Ko da rani ma ƙasa tana ba da labarinta ga mai lura. A dubi katangun gidajen da ke kusa: inda ruwa ya taɓa kwanciya akwai layi a jikin bango, ƙasansa ya ci, samansa lafiya. A dubi ƙasar, idan baƙar laka ce da ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, wannan ƙasa tana kumbura da damina ta motse da rani, kuma tana tsaga bene da bango; irinta ce ta cika filayen Dikwa da Ngala a Barno. A dubi ko akwai kududdufi a gefe, wanda aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, domin gidan sauro ne kuma yara suna faɗawa. A dubi bakin kwazazzabo, musamman a wurare irin su Gombe inda zaizayar ƙasa take cin unguwanni, domin kwazazzabon da yake nesa bana yana matsowa duk damina. Sannan a tambayi tsofaffin manoma inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi babbar ambaliya. Za su nuna bishiyar da ya kai, su faɗi kwana nawa ya yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tudu ake so, amma tudun da za a samu ruwan sha. Asibitin da babu ruwa ba ya iya wanke ɗakin haihuwa, kuma abin takaici ne a ga dangin mai jego suna sayen jarka daga 'yan garuwa kafin a karɓi haihuwa. A nan yanayin ƙarƙashin ƙasa yake shigowa. A yawancin Kano da Kaduna da kudancin Katsina dutse ne a ƙasa, ruwa yana zaune ne a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa, shi ya sa burtsatse biyu da ke kusa da juna ɗaya zai ba da ruwa, ɗaya ya fito a bushe. A kwarin Tafkin Chadi, wato Barno da Yobe da gabashin Jigawa, da kuma kwarin Sakkwato, ruwan yana shimfiɗe cikin yashi, sai dai a wasu wuraren yana da zurfi. Gwajin ƙasa da na'ura kafin a tsayar da fili ya fi araha nesa ba kusa ba a kan haƙa ramin da babu ruwa bayan an gama gini. Idan an samu inda ruwan yake, ƙa'idar da aka saba ita ce ramin masai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, kuma ya kasance ta gangare, rijiyar ta sama. Ƙaramin fili ba ya ba da wannan tazara.

Sauran abubuwan ba su da wahalar ganewa. Hadari a ƙasar Hausa daga gabas yake tasowa da iskarsa, don haka rufi da tagogin wannan ɓangare suna bukatar kariya. Firjin allurar rigakafi yana riƙe sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma da hasken rana yake aiki a mafi yawan karkara, saboda haka kada inuwar bishiya ta rufe farantan. Idan filin yana bakin titin Gwamnatin Tarayya, a bar mita 45.72 daga tsakiyar titi, wannan hurumin hanya ne. A guji ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, a guji juji, a guji jikin makabarta.

Filin wane ne?

Galibi maganar fili a ƙofar gidan dagaci take farawa, bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi. Kansila ko wakilin sashen lafiya ya ce gwamnati ta kawo aiki, amma sai gari ya ba da wuri. Akan yi shiru, kowa yana lissafin gonarsa. Can sai wani mai hali ya ce, "Ranka ya daɗe, gonata ta bakin rafi na bayar fi sabilillahi." A yi kabbara, liman ya yi addu'a, a tashi. Niyyar mai bayarwa tana iya zama tsarkakakkiya, kuma ya cancanci godiya. Amma sau da yawa filin da ya fi sauƙin bayarwa shi ne wanda ba ya noma mai kyau, ko yake nesa, ko ruwa yake ci. Kunya kuma takan hana a ce wa mai kyauta kyautarsa ba ta dace ba. Ta haka gari yakan tsira da kuɗin fili na rana ɗaya, ya biya da wahalar matansa shekara da shekaru. Akwai mafita mai sauƙi da ta dace da mutunci: a karɓi kyautar, a yi musaya da ita da mai gona a wurin da ya dace, ko a sayar a cika kuɗi a sayi wancan, da yardar mai bayarwa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen birni shi yake ba da izinin mallakarsu, na karkara kuwa ƙaramar hukuma. Dokar ta yarda a karɓi fili don amfanin jama'a, ta kuma wajabta biyan diyya kan abin da mai shi ya inganta a kai, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani. Manomin da aka karɓe masa gona babu diyya ba ya mantawa, 'ya'yansa ma ba sa mantawa.

Rikicin da ya fi yawa daga gado yake fitowa. Gonar mamaci ba a raba ba, babban wa ya bayar da ita a gaban jama'a, ƙannensa mata da marayun ɗan'uwansa ba a tambaye su ba. Bayan shekaru, da fili ya yi daraja saboda asibitin kansa, sai magada su kai ƙara gaban alƙali. Haka nan gonar da take hannun mutum ta aro ko jingina, ba tasa ba ce balle ya kyautar. Musulunci yana da misali bayyananne a kan wannan: filin da aka gina Masallacin Annabi (SAW) a Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu, sun so su bayar kyauta, amma bai karɓa ba sai da aka saya aka biya. Idan kuwa wakafi ne, a rubuta shi a matsayin wakafi, kowane magaji ya sa hannu, dagaci da hakimi da liman su shaida, ƙaramar hukuma ta buga hatimi. A kawo safiyo ya auna, a kafa turakun siminti a kusurwoyi huɗu. A Nijar, bisa tsarin Dokar Karkara ta 1993, akwai kwamitocin filaye tun daga matakin ƙauye, waɗanda suke ba da takardar shaidar kyauta ko ciniki. Wannan tsari ne da ya cancanci koyi. A tabbatar kuma filin bai hau burtali ko mashayar dabbobi ba, domin makiyayan da aka tare wa hanya suna cikin waɗanda aka gina asibitin dominsu.

Katanga, ko aƙalla shingen dogon yaro, a fara da ita. Filin hukuma da ba a killace ba, maƙwabcin gona yakan ci kunya ɗaya bana, ɗaya baɗi, wani ya kafa rumfa, wani ya ɗora shago, har ranar da za a nemi wurin ƙara ɗaki a rasa.

Wa yake yanke shawara?

Ba kowane ginin da ya zama kufai ne ƙasa ta ci ba. Wasu siyasa ce ta dasa su inda suke. Ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa sukan sauka a ƙauyen mai kawo aikin ko na ubangidansa, wani lokaci kusa da wata cibiyar da take aiki, alhali can gefen mazaɓa babu ko ɗaya. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin diddigin irin waɗannan ayyuka, kuma cikin abin da ta gano akwai gine-ginen da aka yi watsi da su, da waɗanda aka kafa a filayen masu ɗaukar nauyin aikin. Ginin da aka yi ba tare da sanin hukumar lafiya ta jiha ba yakan rasa ma'aikata da magani, domin ba ya cikin lissafin kowa. Saboda haka tambayar farko, kafin a nemi sabon fili, ita ce ko akwai tsohuwar cibiya a wuri mai kyau da gyara kawai take nema.

Tsarin NPHCDA ya tanadi kwamitin raya mazaɓa, wanda ya ƙunshi wakilan ƙauyuka da masu sarauta da malamai da mata, kuma nan ne ya kamata a tattauna. A aikace, waɗanda suka fi kowa zuwa asibitin su ne ba sa zama a tabarmar ƙofar dagaci. Ana iya jin ta bakinsu ta hanyoyin da gari ya saba da su: taron Islamiyyar matan aure, ungozomomin gargajiya, ma'aikaciyar da take awon ciki. Ungozoma ta san gidan da aka yi rashi saboda rafi ya kawo, ta san hanyar da mata suke jin tsoron bi da dare. Ma'aikatan rigakafin shan inna kuma suna da taswirar kowane ƙauye da ruga da adadin yaran da ke ciki, waɗanda aka tara a shekarun yaƙi da cutar kafin a tabbatar da kawar da nau'inta na asali a Afirka a Agusta 2020. Wannan taswira tana ofishin ƙaramar hukuma, kuma ta fi ƙarfin muryar kowa a taro wajen nuna inda jama'a suke.

Duk inda aka zaɓa, wasu ƙauyukan za su ga an bar su a baya, musamman inda akwai tsohuwar gasa tsakanin dagatai biyu. Abin da yake kwantar da wannan shi ne a amince da sharuɗɗan tun kafin a ambaci sunan kowane fili, a kawo wurare biyu ko uku, a taka su tare da wakilan kowane ɓangare, sannan a faɗi dalilin zaɓin a bainar jama'a. Ƙauyukan da suka yi nisa a rubuta musu haƙƙinsu a takarda ɗaya da ta filin: ranar da ma'aikata za su riƙa zuwa musu da rigakafi da awo, direban da za a kira da dare, da gyaran mashigin ruwan da ya raba su da asibitin. Idan kuɗin aikin ba zai ɗauki komai ba, a jinkirta ƙofar ado da bikin buɗewa, a fara zuba kwalbati a kan rafin.